Ƙorafin masu adana bayanan lafiya na Makera

Zuwa ga Kwamitin Lafiya,
Majalisar Dokokin Jihar Kaduna.

 

Mu matasa ne na Makera da Kakuri da muka karanta aikin adana bayanan lafiya, wasunmu a kwalejin Shehu Idris ta Makarfi, muka ci jarrabawar hukumar da aka kafa tun 1989 don yi wa masu wannan sana'a rajista, muka karɓi lasisi. Kukanmu shi ne: aikin da muka koya kullum ana yin sa a ƙananan asibitocin yankinmu, amma ba a hannunmu yake ba. Inda ma aka bar mu muka zauna a ɗakin kati, to a matsayin 'yan sa-kai ne, ba albashi, ba takardar kama aiki.

Mun san kun san hanyar da alƙaluma ke bi, amma ku yi mana haƙuri mu maimaita. Kowace cibiyar lafiya tana da rajistar awon ciki, da ta haihuwa, da ta rigakafi, da ta marasa lafiya. Idan wata ya ƙare sai a tattara su a fom guda, a kai sakatariyar ƙaramar hukuma nan Makera, a shigar cikin DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke kula da ita, wadda Najeriya ta ɗauka don tara bayanan lafiya. Daga nan jiha ta gani, Abuja ta gani. Da waɗannan lambobi ake auna yawan maganin zazzaɓin cizon sauro, da kayan gwaji, da allurar rigakafin da za a turo.

To wa ke cike rajistar? Sau da yawa ma'aikaciyar jinya ce da ta wuni a tsaye kan masu naƙuda, sai bayan la'asar ta zauna tana tuno abin da ya wuce da safe. Ba mu ga laifinta ba, hannu biyu gare ta. Wani wurin kuma ɗan'uwan wani ne aka ajiye don kada ya zauna banza. Sai ka tarar an ƙirga yaro ɗaya sau biyu, an rubuta zazzaɓi a matsayin na sauro ba tare da gwaji ba, an bar layuka fayau, ranar kai rahoto kuma a cike gurbin da ka. Magani ya taru a wata cibiya har wa'adinsa ya ƙare, ta kusa da ita kuwa ana rubuta wa talaka takarda ya tafi kemis. Idan amai da gudawa ko maƙarau ta ɓulla a unguwa, rajista ce ya kamata ta fara nunawa, in akwai mai karanta ta.

Akwai kuma batun sirri. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta a buɗe wa kowane majinyaci takardunsa, a kuma ɓoye abin da ke ciki. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ƙara ɗaure wannan. Amma mun ga katunan mutane cikin kwali a baranda, har da sakamakon gwajin da mace ba ta so ko kishiyarta ta ji.

Gwamnati ta yi ƙoƙari da ta ɗauki gyaran cibiya ɗaya a kowace mazaɓa cikin 255 na jihar nan, mun kuma yaba. Teburin kati ne aka bari a baya.

Da yawanmu 'ya'yan ma'aikatan masaƙa ne. Bayan masaƙun Kakuri sun rufe ɗaya bayan ɗaya, da kuɗin ɗinki da sayar da abinci iyayenmu mata suka biya mana makaranta. Mun ƙara da koyon Excel da nazarin alƙaluma da kanmu, da kuɗin datarmu. Wanda ya ƙware a cikinmu sai ya nufi Kano ko Abuja aikin kwantiragi da ƙungiyoyin agaji, kuma mun ga yadda irin wannan aiki ya girgiza da Amurka ta dakatar da tallafinta a farkon 2025.

Muna roƙo ku sa a bincika cibiyoyi nawa ne a Kaduna ta Kudu ke da mai lasisi a ɗakin kati. Ku sa wannan gurbi cikin kasafin kuɗi mai zuwa, a fara da 'yan sa-kan da suka daɗe suna riƙe da shi, ta hanyar jarrabawa a fili, ba ta hanyar wa-ka-sani ba. A samar da matakin ƙarin girma, yadda mai kati zai iya zama mai nazarin bayanai a ƙaramar hukuma ko a jiha. Kwamfuta ɗaya da kabad mai makulli a kowace cibiya ba za su gagari jiha ba.

Mun haɗa da kwafin lasisinmu, kuma a shirye muke mu bayyana gabanku a Lugard Hall duk ranar da kuka kira mu.

Allah ya ja zamaninku.

Mu ne naku,
Masu lasisin adana bayanan lafiya,
Makera, Kaduna ta Kudu.