Kuɗinka Sun Zo, Ƙafarka Muke Jira

A wannan mako zan tona asirin kaina ne, ko wani zai tsira daga abin da ya same ni.

Ina da amini a nan Kumasi. Mota ɗaya ta kawo mu daga gida fiye da shekara 30 da suka wuce, ɗaki ɗaya muka kwana a zango, kwano ɗaya muka ci, har Allah ya buɗa wa kowa. Ni rumfata tana Kejetia, shi gidansa yana Aboabo. Wanda ya san garin ya san tafiyar ba ta kai a kira ta tafiya ba. Amma wallahi sai da na yi wata 8 ban taka ƙofarsa ba.

Ba faɗa muka yi ba. Kasuwa ce. Yau kaya sun iso, gobe mai bashi ya yi alkawari, jibi sidi ya faɗi ana sake lissafi. Da na ji ba shi da lafiya, sai na tura masa saƙon murya ta WhatsApp, na bi shi da kuɗin magani ta waya, na ce a raina na fita hakki.

Ranar nan da yamma uwargidansa ta kira ni. Bayan gaisuwa ta ce, "Alhaji, kuɗinka sun zo, Allah ya saka da alheri. Amma shi ƙafarka yake tambaya."

Washegari na je. Na tarar ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya yi nauyi. Ya riƙe hannuna yana ta ƙoƙarin gaya mini wata magana, ban gane ko kalma ɗaya ba. Hajiya ta ce kafin ciwon ya kai haka, sau uku yana cewa akwai zancen da yake so mu yi, shi da ni kaɗai. Har yau ban san ko mene ne ba. Bashi ne? Wasiyya ce? Ko hirar da ce kawai yake marmari? Yana raye, alhamdu lillahi, amma wannan magana ta wuce ni.

Da na dawo gida sai na tuna iyayenmu fatake. Daga Kano suke tasowa da jakuna, su yi wata da watanni kafin su kai Salaga a ƙasar Gwanja neman goro. Ba banki, ba waya, ba takardar yarjejeniya. Jarinsu mai masauki ne: shi zai sauke ka, ya adana kayanka, ya tsaya maka a ciniki. Kuma dattawan zango suna ba mu labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako 2 su bar Gana. Suna cewa wanda yake da amini ya bar masa ajiya, wanda ba shi da kowa ya karyar da kayansa a wulaƙance. Mu baƙi ne, jama'a. A gida ko ka yi sakaci dangi za su neme ka. A nan kuwa danginka su ne waɗanda ka je wa.

Ga abin da na ɗora wa kaina tun daga ranar. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci ba na komawa rumfa sai bayan la'asar. Yarona yana nan, ya san farashi. Gida ɗaya nake zuwa, ba goma ba, in zauna a tabarma, waya tana aljihu. A bayan littafin da nake rubuta masu bashi na buɗe shafi na rubuta sunayen mutanen da na daɗe ban gani ba, domin shi ma bashi ne. Ran Lahadi da safe kuma, da yake kasuwa ba ta cika, mu huɗu muke haɗuwa wajen mai koko da ƙosai, ba mai kawo zancen kaya.

Wani zai ce, "Alhaji, ai ciniki zai wuce ka." Gaskiya ne, yana wucewa. Na taɓa dawowa yaro ya ce wani babban mai saye ya zo bai same ni ba, ya tafi maƙwabta. Raina ya sosu. Amma bayan mako 2 mutumin ya dawo. Mai saye yana dawowa, harshen aminina bai dawo ba.

Ku ma iyayen gida, ku riƙa yi mana tuni kamar yadda Hajiya ta yi mini. Kuma mu riƙa tafiya da yaranmu, su san gidajen abokan ubansu tun muna raye.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ba su ce a waya ba. Wannan Juma'ar, ƙofar wa za ka taka? Ku sa aminina a addu'a. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.