WA YA AUNA MIJIN?

Ina da wata yaya a Tabotaki, ɗiyar wan mahaifina. Shekara 9 ta yi a ɗakin miji ko ɓari ba ta yi ba. Ta sha saiwa, ta sha rubutu, ta sayar da tumakinta da kwanonin jerenta ta kai ma bokaye. In ana suna a unguwa ita ce mai daka, ita ce mai ɗibar ruwa, amma da ta miƙa hannu ga jinjiri sai mata su shiga kallon juna. Daga ƙarshe saki ya iso mata cikin wasiƙa daga Abijan. Ta sake aure a Madawa, yau ɗiyanta 3. Mijin farko kuwa ya yi aure biyu bayanta, har yau ba a yanka ragon suna a gidansa ba. Ita aka kira juya. Shi wane suna aka ba shi?

Jama'a, a ƙasar da binciken 2012 ya nuna mace na haihuwar ɗiya 7,6 bisa matsakaicin lissafi, wadda ba ta haihu ba ta zama bare a gidan aurenta. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na gamuwa da wannan matsala a rayuwarsa, likitoci kuma sun san cewa wajen rabin lokaci akwai hannun namiji a ciki. A Buza da Keita da Madawa, magidanci na tafiya ci-rani Kodibuwar ko Libiya ya share shekara biyu, ya dawo ya yi wata guda, wani sa'in da ciwon sanyi a jikinsa, wanda in ba a yi magani ba yakan toshe ma mace hanyar ƙwai. Sa'an nan uwarsa ta zauna tana ƙirga ma suruka watanni!

Masu fakewa da addini, ku dubi Suratu Shura: Allah ya faɗa cewa shi ke ba da ɗiya mata, shi ke ba da maza, shi ke barin wanda ya so ba haihuwa. Nana A'isha, Uwar Muminai, ba ta haihu ba. Wa ke da bakin yi mata gori?

Ranar mutuwar miji abin ya fi muni. In yana da ɗiya da kishiya, sumuni ne matan za su raba, gida da gona su koma hannun ɗiyan wata, ita kuwa ta naɗe tabarmarta da furfura a ka.

Ina ƴan siyasarmu? Ran 13 ga Mayu 1991 mata suka cika titunan Yamai don neman kujeru a Taron Ƙasa. Kundin iyali da ya kamata ya tsara sha'anin saki an jefa shi aljihun tebur a 1994, aka sake binne shi a 2011. Tun 2006 awon ciki da tsarin iyali kyauta ne, amma mai neman haihuwa aljihunta ne gatanta. A 2016 A'isha Maki, ɗiyar Damagaram, ta fito da fim a kan nata rashin haihuwar, duniya ta yaba. Majalisa ta ji?

Buƙatarmu ba ta da yawa. A sa awon mata da miji tare cikin ayyukan asibitocin gundumomi, da kuɗin da talaka zai iya. Sarakuna da limamai, in an kawo ƙarar rashin haihuwa, su fara tambayar takardar likita ta maigida. Awonsa ya fi na mace sauƙi da araha. Kai kuma Alhaji na kanti, kai ma'aikaci na biro, kafin ka kai goron amarya ta uku, ka bi ta asibiti. In ka tabbata lafiyarka lau, me kake tsoro?