"Ranar Sin" ba ta kawo wuta ba tukuna

Tun watan Janairun 2025 ake ta yawo da bidiyon nan a gurup ɗin ajinmu, wai Sin ta ƙera rana. Gaskiyar magana, na'urar EAST da ke birnin Hefei ce ta riƙe plasma, wato iskar gas mai tsananin zafi, na daƙiƙa 1,066. Ba a yi wata guda ba WEST ta Faransa ta kai 1,337. Sai jama'a suka ce shikenan, an kusa sallamar janareta. Ni kam ban yarda ba.

Waɗannan na'urori tokamak ne, siffarsu kamar tayar mota. Kafin maganaɗisu ya iya riƙe plasma, dole lantarki ya riƙa zagayawa a cikinta. Tsohuwar dabara ita ce ta taransfoma: naɗin waya a tsakiya, plasma kuma ta zama naɗi na biyu. To, wanda bai yi barci a darasin dokar Faraday ba ya san sai ƙarfin maganaɗisu yana canzawa ake samun lantarki. Ba za ka yi ta ƙara shi har abada ba, dole a tsaya a sake farawa. Tashar wuta mai ɗaukewa, ai mun san irinta.

A 1978 Nathaniel Fisch ya kawo shawarar a tura igiyoyin rediyo cikin plasma, su ingiza ƙwayoyin elektron masu gudu zuwa ɓangare guda. Lantarki ya samu ba tare da taransfoma ba. Da wannan WEST ta kafa tarihinta, a kan gigahaz 3.7. Na'urar ɗumama abinci tana aiki ne a kan 2.45, kun ga ba sihiri ba ne.

Amma fa igiyoyin nan ba kyauta suke zuwa ba. Injinan da ke samar da su wuta suke sha sosai, kuma kaso mai yawa yana tafiya a zafi. In tasha za ta cinye yawancin abin da ta samar, me ya rage wa gari? EAST da WEST ba su ba kowa ko wat ɗaya ba. Hatta ITER da ake ginawa a kudancin Faransa ba a tsara ta don ba da wuta ba.

Abin da ya fi ba ni haushi mu ne. Darasin igiyoyi da eriya muna haddace shi daren jarrabawa, mu zubar da safe. Ni ma haka na yi, sai yanzu a zangon ƙarshe nake neman wanda zai ara mini tsohon littafinsa.