Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kebbi: A Bar Jin Daɗin Birni Ya Ƙetare Gadar Tuga

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kebbi,
Kwamared Dakta Nasir Idris, Kauran Gwandu.



Ranka ya daɗe, bayan addu'ar Allah Ya yi maka jagora a kan nauyin da ka ɗauka tun ranar 29 ga Mayu, 2023, na rubuto maka ne a kan ƙasar Bagudo, musamman garuruwan da ke tsallaken Kogin Kwara ta wajen iyakar Jamhuriyar Benin: Illo, Lolo, Tsamiya, Ka'oje da ƙauyukansu.

Duk wanda ya shiga Birnin Kebbi a 'yan shekarun nan ya ga garin ya sake fuska. An gyara tituna, an kafa fitilu, an koma kan aikin sakatariyar jiha da ya daɗe a tsaye. Ga jami'ar tarayya, ga asibitin koyarwa, ga na Sir Yahaya, ga filin jirgin sama a Ambursa. Ba ma baƙin ciki da ko ɗaya, domin babban birnin jiha na kowa ne, mu ma muna alfahari da shi. Sai dai jin daɗin birni ba ya ɗorewa idan ƙauye ya gagari zama. Matashin Illo da ya rasa abin yi Birnin Kebbi zai nufa, ya kama kabu-kabu, ya kwana a tasha. Majinyacin Lolo da ya rasa magani a gida shi ne zai ƙara tsawon layi a asibitin birni. Tun da aka ƙirƙiro jihar nan a ranar 27 ga Agusta, 1991 haka abin yake tafiya, birni na cika yana batsewa, bakin iyaka kuma na jiran rabonsa.

Ka yi mini afuwa in faɗi abin da ke zuciyar mutanen yankin. Ga mutumin bakin iyaka, gwamnati shinge ce. Ita ce mai kaki da ke ɗaga hannu ya ce a tsaya, a sauke buhu, a buɗe jarka. Da safe ya ga kwastan, da rana ya ga jami'in shige da fice, da yamma ya ga ɗan sanda ko soja. Waɗannan duk aikinsu suke yi, kuma wasunsu sun rasa rayukansu a bakin aiki a wannan yanki, Allah Ya jiƙan su. Amma wanda ya fi sanin gwamnati wajen bincike fiye da wajen famfo da asibiti, da wuya ka shawo kansa cewa ƙasar tasa ce. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Bagudo na da mutum fiye da 230,000, yau kuwa sun ƙaru nesa ba kusa ba. Mutane ne masu gidaje da gonaki da makabartun kakanni, ba 'yan wucewa ba.

A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa. A Nuwamban shekarar kuma aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka. An yi dokar ne domin masu fasa-ƙwauri, amma wa ta fi kama? Manomin rani. Shinkafar fadama a lokacin zafi ba ta haƙuri, in ta yi kwanaki babu ruwa sai ka ga bakin ganyen ya naɗe, ƙasa ta tsattsage. Injin ban ruwa kuwa ba ya tashi sai da mai. Na ga dattijo ya ɗaure jarka biyu a bayan babur, ya yi doguwar tafiya ya sayo mai da kuɗin da ya ranta, yana dawowa aka tare shi a shinge ana tuhumarsa da cewa Benin zai kai. Ya sauka, ya nuna ƙafafunsa da taɓon fadama ya bushe a kansu, yana rantsuwa gona zai je. Wanda ya gaji da wannan wahala sai ya koma wajen 'yan bumburutu ya saya da tsada, ribar shekarar ta tafi a mai. Wannan fa a jihar da Shugaba Muhammadu Buhari ya zo da kansa a Nuwamban 2015 ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance, jihar da shinkafarta ta kai har Legas da sunan Lake Rice. Da aka janye tallafin mai a 2023 kuma, sai tsadar ta ninka a kan wanda dama yake nishi.

Na san iyaka ba a hannunka take ba, ta Abuja ce. Amma maganin wannan ciwo yana hannunka. Rana ba ta yi mana rowa ba a Kebbi. A wadata manoman fadamar Kwara da injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, a ba su ta hannun ƙungiyoyinsu a kan rancen da za su biya da shinkafa bayan girbi, a kuma koya wa matasan garuruwan gyaransa. Kada a raba shi ranar taro ga 'yan siyasa, kashegari a gan shi a kasuwa. A bi gona gona, hakimai da masu unguwanni sun san wanda yake noma da wanda yake riƙe da katin jam'iyya kawai.

Wutar lantarki ma haka take. Ruwan da ke wucewa ta gaban Illo da Tuga shi ne yake gangarawa madatsar Kainji, wadda tun 1968 take haska biranen ƙasar nan. Masuncin da ke bakin wannan ruwa ba shi da ƙanƙarar da zai adana kamunsa, dole matarsa ta kwana tana banda cikin hayaƙi, ko ya sayar wa dillali a yadda ya taya. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar shiga harkar da kansu. Ƙaramar tashar sola a kowane babban gari, wadda za ta riƙe asibiti da injin casa da rijiyar burtsatse da fitilun kasuwa, ba ta fi ƙarfin Jihar Kebbi ba. In an haɗa ta da tankin ruwa, an kashe maganar 'yan mata masu tafiya rafi da asuba maimakon makaranta.

Inda na fi roƙonka shi ne lafiya. Gini ba shi ne asibiti ba. Akwai ɗakunan shan magani da an yi musu fenti, amma da magariba sai ka tarar da kwaɗo a ƙofa, domin ma'aikacin da aka turo a birni yake zaune, sai ƙarshen wata yake leƙowa. Ba na ganin laifinsa shi kaɗai, wa zai kawo iyalinsa inda babu ruwa, babu wuta, babu gidan ma'aikata? Amma mace mai naƙuda da jini ya ɓalle mata cikin dare ba ta da lokacin jin uzuri. A kan babur za a riƙo ta, ko a kwale-kwale, wasu kuma su ga ya fi musu sauƙi su ƙetara Benin su biya da sefa. A ɗauki 'ya'yan yankin, musamman mata, a tura su makarantun koyon jinya da ungozoma da sharaɗin su dawo gida su yi aiki. A gina musu masauki, a ƙara wa mai aiki a bakin iyaka alawus na daban. Kai malamin makaranta ne, ka shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, ka fi kowa sanin cewa ma'aikaci yana zama ne inda aka mutunta shi. Wannan magana ta shafi malaman firamaren rugage da tungayen masunta ma.

Gadar Tuga ita ce maƙogwaron yankin. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye dubban ɗaruruwan hekta na shinkafa a jihar nan, ta nuna mana cewa in gadar ta samu matsala, tsallaken kogi ya yanke daga sauran jiha. A riƙa duba ta kafin damina, ba bayan ruwa ya yi ɓarna ba. A kan sufurin ruwa kuma, a tuna da hatsarin Warra a watan Mayun 2021, inda jirgi ɗaya ya tafi da rayuka masu yawa. Rigar ruwa a kowace mashiga da hana lodi fiye da kima aiki ne da za a iya yi da haɗin kan sarakunan ruwa da hukumar raya yankunan madatsun wutar lantarki, HYPPADEC, wadda Kebbi na cikin jihohinta.

Game da kasuwa, a duba Malanville a tsallake, yadda ta zama matattarar fatake daga Nijar da Benin da Nijeriya. Mutanenmu ne suke cika ta da hatsi da albasa da dabbobi. Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawan ɓangarorin biyu dangi ne, suna auratayya tun kafin Ingila da Faransa su raba ƙasar a yarjejeniyar 1898. A gina kasuwar kan iyaka mai rumfuna da rumbunan ajiya da makewayi da wurin kwanan direbobi a Tsamiya ko Lolo, harajin ya shigo ta ƙofa, matasa su samu halattacciyar sana'a. Yaron da ke da rumfa ba ya bin hanyar daji da dare, kuma ba ya sauraron 'yan bindigar Lakurawa in sun zo da kuɗi.

Ba a rasa inda za a nemo kuɗin ba. Akwai hukumar raya al'ummomin kan iyaka ta tarayya, wadda dominmu aka kafa ta, a matsa mata ta zo. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi su tafi hannunsu kai tsaye, to a bar na Bagudo ya yi aiki a Bagudo, a kuma liƙa lissafin a bainar jama'a. Wanda ka gada, Sanata Abubakar Atiku Bagudu, aka ba ma'aikatar kasafi da tsare-tsare ta tarayya a 2023, kuma ba sai an yi masa kwatancen yankin ba.

Ranka ya daɗe, roƙona shi ne ka zo da kanka, cikin damina, ta mota, ba tare da an share hanya an yi fenti ba. Ka ƙetare gadar Tuga ka kwana a Illo, ka zauna da manoma da masunta da matan da ke turara shinkafa, ka ji daga bakinsu. Sannan a kasafin kuɗi mai zuwa a ware wa garuruwan bakin iyaka kasonsu da sunansu, gari gari, yadda za mu iya karantawa mu bi sawu.

Allah Ya taimake ka, Ya zaunar da Jihar Kebbi lafiya.

Wassalam.

Naka mai fatan alheri,
Wani ɗan ƙasar Bagudo.