Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Akwai wata magana da 'yan kasuwar yawon buɗe ido suka daɗe suna nanatawa har ta zauna daram a kunnen duniya. Wai duk wanda ya biya kuɗi ya kwana a masaukin alfarma da ke cikin gandun daji mai zaman kansa, a Kenya ko Tanzaniya ko Afirka ta Kudu, ya ceci giwa da karkanda, ya kuma ciyar da talakan da ke maƙwabtaka da dajin. Wato ga hutu ga lada. Yanzu har masu hali daga cikinmu sun shiga sahu: su je, su ɗauko hoto da zaki kwance a bayansu, su dawo suna cewa da ma a yi wa Yankari irin wannan gata. Ni ban yarda da wannan magana ba. Rabin gaskiya ce, kuma rabin da ake binnewa ya fi nauyi: ƙasar ta wa ce, wa ke kwasar riba, wa kuma ke kwana da asara?

Mu fara da hajar da ake sayarwa. A manyan masaukan nan, kwana ɗaya na mutum ɗaya yakan haura dala 1,000, wasu ma su ninka haka. Da asuba a tashe baƙo da shayi, a ɗora shi a mota buɗaɗɗiya, mai bin sawu na zaune a kan hancin motar yana karanta ƙasa. Da yake dajin na mai shi ne, ana iya sauka daga hanya a kutsa cikin ciyawa har gindin bishiyar da damisa ta rataye namanta, ana kuma iya fita da dare da fitila, abubuwan da galibin gandun gwamnati suka hana. Da yamma a sha abin sha ana kallon faɗuwar rana, da dare a ci abinci a bakin wuta. Amma babbar hajar ba zaki ba ce. Abin da baƙo ke biya da tsada shi ne ya duba gabas da yamma bai ga bukka ba, bai ga garke ba, bai ga mace ɗauke da itace ba. Ana sayar masa da Afirka wadda babu 'yan Afirka a cikinta, in ban da mai dafa abinci da mai shara da masu rawar gargajiya bayan an ci an ƙoshi. To, dajin nan ba haka Allah ya bar shi fayau ba. Kwashe mutane aka yi.

Dubi Laikipia, tudun da ke gindin Dutsen Kenya, wanda a yau ya zama cibiyar irin waɗannan masaukai. A 1904 Turawan Ingila suka sa shugabannin Masai hannu a wata yarjejeniya, suka tashe su daga makiyayarsu ta wajen Naivasha da Nakuru, suka ware musu Laikipia da wani yanki a kudu, da alkawarin cewa wannan rabo zai ɗore muddin akwai Masai a duniya. Shekara bakwai kacal alkawarin ya yi. A 1911 aka kawo wata takardar, aka kora su kudu da dabbobinsu, mutane da shanu suka yi ta mutuwa a hanya, aka yanka Laikipia gonaki-gonaki aka raba wa Turawa 'yan kama-wuri-zauna. Masai sun kai ƙara, amma a 1913 kotun Turawan ta ce ba ta da hurumi. Kenya ta sami 'yanci a 1963, tuta ta sauya, iyakokin manyan gonakin kuwa ba su motsa sosai ba. Har cikin wannan ƙarni, manyan gonaki kusan 50 ne ke riƙe da kimanin kashi 40 cikin 100 na ƙasar Laikipia, wasu a hannun jikokin Turawan, wasu a hannun attajiran waje, wasu a hannun manyan 'yan siyasar Kenya. Da kasuwar nama ta ja baya, kasuwar kallon namun daji ta buɗe, sai gonakin shanu suka rikiɗe suka zama “wuraren kare muhalli”. Ƙasar da aka ƙwace jiya ita ce ake kira amanar duniya a yau, har wanda ya taɓa shingenta ya zama maƙiyin giwa.

A 2004, da yarjejeniyar farko ta cika shekara 100, Masai suka kora shanunsu cikin wasu gonakin suna neman a mayar musu da ƙasar kakanninsu. 'Yan sanda suka tare su da bindiga. A 2017 fari ya tsananta, makiyayan Samburu da Pokot suka kwararo da dubban shanu, suka karya shinge, aka ƙona masaukai. An kashe wani mai gona, Tristan Voorspuy, a watan Maris, an harbi marubuciya Kuki Gallmann a watan Afrilu. Babu mai hankalin da zai wanke wannan ta'asa, kuma gaskiya ne cewa 'yan siyasa sun zuga ta don shekarar zaɓe ce. Amma a lura da yadda aka ba da labarin. Jaridun Turai sun cika da sunayen masu gonaki biyu-uku. Makiyaya da ƙananan manoma baƙar fata da suka mutu a rikicin, da ɗaruruwan shanun da jami'an tsaro suka bindige, sai a ƙasan labari, in ma an ambace su.

Hujjar da ake kafawa kullum ita ce saniya da naman daji ba sa zama wuri ɗaya. Su kansu masu gandun sun ƙaryata wannan da aikinsu. Ol Pejeta, gandun da ya kai eka 90,000, inda karkanda mai suna Sudan, namiji na ƙarshe na farar karkandar arewa, ya mutu a 2018, yana kiwon dubban shanu jinsin Boran a cikin dajin da zakuna da jakunan dawa ke yawo, yana kuma alfahari da cewa kiwon na gyara ciyawa. Kuma haka ne: inda garke ya kwana ya bar taki, nan ciyawa mai daɗi ke tsirowa, nan barewa ke taruwa. Makiyayan gabashin Afirka sun yi ɗaruruwan shekaru suna wannan zama da namun daji, shi ya sa ma Turawa suka iske dajin cike da dabbobi. Ashe ke nan ba saniya ce matsalar ba, mai saniyar ne. Ta mai kuɗi dabarar kimiyya ce, ta talaka kuwa mamaya.

A Afirka ta Kudu ma labarin bai sauya ba. Dokar ƙasa ta 1913 ta takure baƙar fata a kimanin kashi 7 cikin 100 na ƙasar, ta 1936 ta ɗaga zuwa kashi 13. Sabi Sand, gandun da ya fi kowane suna wajen kallon damisa, tarin gonakin Turawa ne da ke jingine da gandun gwamnati na Kruger. A 1991 aka yi dokar da ta ba mai fili damar mallakar namun dajin da ya killace, a 1993 kuma aka cire shingen da ke tsakanin Sabi Sand da Kruger, dabbobin al'umma suka riƙa shiga filin masu kuɗi ana sayar da kallonsu da dala. Shingen ɗaya ɓangaren, wanda ke fuskantar ƙauyukan Bushbuckridge masu cunkoso da rashin aiki da ƙarancin ruwa, yana nan da lantarkinsa. Da jama'ar da aka kora daga wani fili mai suna MalaMala a wannan yanki suka nemi haƙƙinsu, sai da gwamnati ta biya masu riƙe da filin kimanin rand biliyan 1 daga baitulmali kafin a miƙa takardun a 2014. Wanda aka ƙwace wa ya jira shekara da shekaru, wanda ya ci moriyar ƙwacen ya tashi da biliyan.

Kada a ce wannan tsohon zance ne. A watan Yunin 2022 gwamnatin Tanzaniya ta shata murabba'in kilomita 1,500 a Loliondo, gefen Serengeti, ta hana Masai kiwo a ciki. An yi arangama, an jikkata mutane da dama, ɗan sanda ya mutu, wasu suka tsere Kenya. Gwamnati ta ce kare daji take yi, amma kowa ya san cewa tun 1992 wani kamfanin farauta na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ke da lasisi a yankin, yana sauke manyan baƙi. Kakannin waɗannan Masai ɗin su ne aka fitar daga Serengeti a 1959.

Masu kare wannan tsari suna da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare su. Za su ce fiye da rabin fararen karkandan Afirka ta Kudu a filayen masu zaman kansu suke, kuma tsaronsu ya fi na gwamnati. Gaskiya ne. Za su ce sun ɗauki ma'aikata, sun gina azuzuwa da asibitoci, sun haƙa rijiyoyi. Wannan ma gaskiya ne. Amma albashin mai wanke kwanuka ba ya zama diyyar makiyaya, kuma aji biyu da baƙo ya gina don jin daɗin ransa kyauta ce, wadda mai bayarwa ke iya janyewa ran da ya ga dama. Kuɗin kwanan ma ba duka ke sauka a dajin ba: dillalin da ya shirya tafiyar a Landan ko New York ya yanki nasa, kamfanin jirgi ya ɗauki nasa, mai jari ya kwashe riba. Wanda giwa ta tattake masa masara a dare ɗaya, ko zaki ya kashe masa saniyar tatsa, ba ya cikin wannan lissafi. Dokar Kenya ta 2013 ta yanke shilin miliyan 5 ga iyalan wanda naman daji ya kashe, amma mutane kan shekara suna jiran biya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sannan tsarin da ake cewa shi ne ceton dabbobi, a kan me ya tsaya? A kan sha'awar baƙo. A 2020 annobar korona ta tsayar da jirage, masaukai suka rufe, aka sallami ma'aikata, aka rage kuɗin hayar da ake biyan masu filaye a kewayen Masai Mara. A 2023 John Hume, attajirin Afirka ta Kudu da ya tara fararen karkanda kusan 2,000 a gonarsa, ya kasa ɗaukar nauyinsu, ya sa su a gwanjo, ba a sami mai taya ba, sai ƙungiyar African Parks ce ta saye su. Kuma duk da bunƙasar masaukan alfarma, binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa namun dajin makiyayun Kenya sun ragu da kusan kashi 68 cikin 100 tun daga 1977. Dalili a fili yake: kusan kashi biyu cikin uku na namun dajin ƙasar a wajen gandun gwamnati suke rayuwa, da yawa a filayen jama'a. Giwa ba ta san iyakar gona ba. Idan mutumin da take ratsa ƙauyensa ya ɗauke ta a matsayin dukiyar wanda ya hana shi ciyawa, babu shingen da zai cece ta.

Akwai wata hanyar, kuma ba sai an je nesa ba. A Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma sun ragu zuwa kusan 50 a tsakiyar shekarun 1990. Ba a kori kowa ba, ba a kafa shinge ba, ba a gina masaukin dala dubu ba. An hana farauta, an ɗauki 'yan yankin aikin jagora, an tallafa wa ƙauyuka don su jure ɓarnar da dabbobin ke yi wa wake. Raƙuman suka haura 600 suna kiwo a tsakiyar gonakin gero, har a 2018 aka ɗebi wasu aka kai Gadabeji. Wani hari da aka kai a watan Agustan 2020 ya kashe kasuwar baƙi a wurin, amma dabbobin ba su ƙare ba, don rayuwarsu ba a kan aljihun baƙo kaɗai ta rataya ba. A Namibiya, dokar 1996 ta ba ƙauyuka iko a kan namun dajin filayensu, yau akwai irin waɗannan gandaye na jama'a fiye da 80, kuma mai son gina masauki da su zai zauna ya yi ciniki. A cikin Laikipia kanta akwai Il Ngwesi, masaukin da Masai suka mallaka tun 1996. Mutanen Makuleke, da aka kora daga arewacin Kruger a 1969, sun karɓi ƙasarsu a 1998, suka zaɓi barin ta daji, suna ba da haya. Waɗannan ma ba su rasa rigingimun rabon kuɗi ba. Amma rigimar mai gida a kan haya daban take da roƙon wanda aka mayar baƙo a ƙasar ubansa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, don tsarin miƙa daji ga wasu hannaye ya iso ƙofarmu. African Parks, wadda ƙungiya ce ba kamfanin riba ba, tana tafiyar da Zakuma a Chadi tun 2010, da Pendjari a Benin tun 2017. Duk ran da aka tashi zancen lalacewar Yankari, sai ka ji masu cewa a miƙa wa masu jari a huta. Mu da muka ga abin da toshe burtali da mashaya ya jawo mana, bai kamata a ruɗe mu da hoton tafkin wanka a tsakiyar daji ba. Duk yarjejeniyar da za a ƙulla, a karanta ta a gaban jama'ar da ke kewaye da dajin, a rubuta kasonsu a ciki, a bar hanyar ruwa da ciyawa lokacin fari, a kuma ajiye kuɗin diyya tun kafin giwa ta shiga gona.

Kai kuma mai hali da ke shirin zuwa hutu, ban ce kada ka je ba. Amma kafin ka biya, tambayi masaukin: filin nan na wa ne, nawa ake biyan masu shi, mutum nawa daga ƙauyen maƙwabta ke cikin masu yanke shawara, ina shanunsu ke sha da rani? Wanda ya amsa dalla-dalla, ka kwana a wurinsa. Wanda ya fara nuna maka hoton yara 'yan makaranta maimakon amsa, ka kai kuɗinka wani wurin.