Bugun Zuciya Ba Ya Jiran Kuɗin Ajiya

'Yan'uwa mazauna Abuja, akwai wata magana da muke yawan ji a gidajenmu na Nyanya da Kubwa da Dei-Dei da Mpape: "Gabansa ne ke faɗuwa." Sai a ce damuwa ce, wasu su ce iska, a nemo rubutu da hayaƙi, in abin ya yi tsanani a sa mutum a mota a ce a kai shi gida Kano ko Katsina. Ba mu raina addu'a ba, amma sau da yawa ciwo ne da likitoci suka san sunansa da maganinsa.

Zuciyar babban mutum mai lafiya kan buga sau 60 zuwa 100 a minti guda idan yana hutawa. Wata 'yar wutar lantarki ce a cikinta ke tsara bugun. Idan tsarin ya lalace, sai ta riƙa gudu, ko tsallake, ko ta yi nawa har mutum ya ji jiri ya faɗi. Hawan jini na daga cikin manyan musabbabai. Akwai nau'in da ke sa jini ya daskare a cikin zuciya, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, kuma yakan ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar. Mu lura da masu jego: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu kan yawan ciwon zuciya bayan haihuwa a tsakanin matanmu, suka kuma ja hankali kan kunun kanwa da zafin wankan jego.

Matakin farko ba mai wuya ba ne. Awo ne da ake kira ECG, a manna wayoyi a ƙirji, cikin 'yan mintoci a ga yadda bugun yake. Daga nan wani magani zai ishe shi, wani kuwa sai an dasa masa 'yar na'urar daidaita bugu a ƙarƙashin fata, wadda aka fara dasa wa ɗan Adam a ƙasar Suwidin tun 1958. Likitocin zuciya suna nan kusa da mu, a Asibitin Ƙasa da kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada. To me zai sa a ɗauki mai sumewa a yi tafiyar awa shida da shi a mota?

Tsoron kuɗi ne, da kuma jin cewa mu baƙi ne a nan. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda garin asalinsa. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ya ce ba a yarda asibiti ya ƙi ba mutum taimakon gaggawa ba, ko da wane dalili. Wanda ya suma, ko numfashinsa ke sarƙewa da ciwon ƙirji, a duba shi tukuna, maganar kuɗin ajiya ta biyo baya.

Sai dai dokar gaggawa ba za ta saya maka na'ura ba, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin mai shago ko ɗan acaɓa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta rajista a kan kowa, amma yawancinmu ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba wanda zai yi mana sai mun tashi da kanmu. Mu yi rajistar, mu kuma tambaya a rubuce ko ta haɗa da awon zuciya. Sannan masu unguwanninmu su haɗa takarda zuwa ga hukumomin lafiya na Birnin Tarayya, a sa na'urar ECG da wanda ya iya karanta ta a ƙananan asibitocin unguwanninmu.