SHARHI: Ƙasar Daura tsakanin tsoron rama da "sha ka fashe"

A Daura, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, idan amarya ta je ganin gida bayan wata uku, jikinta ake fara duba kafin a ji bakinta. In ta murje, miji ya ci jarrabawa. In ta rame, iyaye mata za su ja ta ɗaki da tambaya. Haka ma namiji: da zarar ya samu muƙami ko kwangila, tumbi ne ke fara sanar da unguwa, a ce hutu ya nuna.

Wannan ma'auni yana da tushe. Al'ummar da ta sha fari da yunwa, wadda ta raɗa wa cutar HIV suna "ƙanjamau" saboda yadda take ƙanjamar da mai ita, dole ta ɗauki rama a matsayin mugun labari. Kuma yunwar ba ta zama tarihi ba. Binciken ƙasa kan al'umma da lafiya na 2018 ya nuna kusan kashi 61 cikin 100 na yaran Jihar Katsina 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. A Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta da ke jihar cikin wata shida sanadiyyar tamowa. Mai kallon wannan da idonsa, da wuya ka gamsar da shi cewa ƙiba ma ciwo ce.

Sai dai binciken na 2018 ɗin ya kuma nuna kashi 28 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya haura ƙima, yayin da kashi 12 ne ramammu. Matsalolin biyu suna iya kwana a gida ɗaya: uwa mai teɓa, ɗa mai tamowa. Abincin da talaka ke iya saye, musamman bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023, shi ne mai cika ciki: tuwo, taliya, garin kwaki, shayi mai suga. Yana iya ƙara wa babba nauyi, amma bai isa ya gina yaro ba.

Akwai kuma wata alaƙa da ba a cika faɗa ba. Wani bincike da aka wallafa a 2010 kan mutanen Enugu ya gano cewa waɗanda aka haifa cikin yunwar yaƙin basasa sun fi na bayansu fama da hawan jini da matsalar suga da suka kai shekara arba'in. Ke nan yaron da ya tsumbure yau a Baure, Zango, Sandamu ko Mai'adua, shi ne ya fi shiga haɗari idan ya girma ya samu wadata ya yi jiki.

Inda lamarin ya fi muni shi ne kasuwar magungunan ƙiba da ake kira "sha ka fashe". Galibi abu biyu ne. Na farko cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da borin jini, wanda ke buɗe ciki ya kuma sa barci. Na biyu dexamethasone, magani mai ƙarfi da likita ke bayarwa na ƙayyadadden lokaci. Wanda ya daɗe yana shan sa zai ga fuska ta kumbura, ciki ya fito, jiki ya tara ruwa, sai a yi ta yi masa barka. A can ciki kuwa suga na hawa, jini na hawa, ƙashi na rauni, garkuwar jiki na raguwa. Daina shi kwatsam ma haɗari ne, domin jiki ya rage samar da nasa sinadarin. Likita ne kaɗai zai tsara yadda za a janye shi sannu a hankali.

Na san wata 'yar uwata da ta sha shi gabanin bikinta, don kada dangin miji su ce ba a kula da ita a gida ba. Ba ta ɓoye ba, domin ba ta ɗauke shi laifi ba. A kemis ta saya, ba takardar likita, ba wanda ya tambaye ta dalili.

Nan ne batun ya tashi daga al'ada ya koma siyasa. Doka ba ta ba masu kemis damar sayar da maganin da sai da rubutun likita ba, kuma sa ido a kansu aikin Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa ne, tare da NAFDAC. Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai suga, amma ba ta keɓe kuɗin ga lafiya ba. Baitulmali suke shiga kamar kowane haraji. Daura ta samu manyan ayyuka a zamanin marigayi Muhammadu Buhari, ciki har da asibitin Sojojin Sama da aka buɗe a 2019. Amma hawan jini da ciwon suga ba a babban asibiti ya kamata a fara gano su ba. A ƙaramin asibitin mazaɓa ne, da sikeli da abin awon jini da ma'aikacin da zai yi bayani. Idan sai ɓarin jiki ya shanye aka san akwai ciwo, an riga an makara.

Awon kansa ba shi da tsada. A raba nauyi na kilo da tsawo na mita sau biyu: mai kilo 80 da tsawon mita 1.65 zai samu kusan 29, alhali daga 25 nauyi ya haura, daga 30 kuma teɓa ce a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Wanda ba shi da sikeli, zare ya ishe shi: kewayen ciki daidai cibiya kada ya kai rabin tsawonsa.

Masarautar Daura tana da hakimai da dagatai da limamai da suka taimaka wajen shigar da rigakafin shan inna gida-gida, kuma ana jin maganarsu. Matasan da ke tuhumar 'yan takara a Facebook kan tituna da kujeru, su ƙara tambaya ɗaya kafin 2027: a asibitocin mazaɓu na ƙananan hukumomi biyar na masarautar, nawa ne ke da abin awon suga mai aiki, kuma yaushe rabon da mai duba magunguna ya leƙa kemis ɗin unguwa?